Laraba Mai Tara Godiya

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar motar Daura da yunwa a cikinsa, da wuya a ce bai san rumfar Hajiya Laraba ba. Tana can gefen da motocin Kongolam da Mai'adua suke lodi, a gindin wata tsohuwar dalbejiya. Da safe ɗanwake, da rana shinkafa da wake da mai da yaji, in la'asar ta yi kuma tuwon shinkafa da miyar taushe. Hannunta yana da daɗi, wannan babu musu, sai dai ba ita kaɗai ta iya girki a tashar ba. Abin da ya fitar da sunanta daban wata ɗabi'a ce da ta daɗe da ita. In baƙo ya ci ya ƙoshi ya wanke hannu, ta kuwa ji harshensa ba na nan ba ne, to ba zai tashi daga bencin nan ba sai ta tare shi da tambaya.

"Bawan Allah, ku a yarenku yaya ake cewa na gode?"

Sunanta na yanka A'isha, amma da yake ranar Laraba ta zo duniya, sunan ranar ya bi ta ya danne na yankan. A Babban Mutum aka haife ta, can ƙasar Baure, inda mutum kan yi noma a Najeriya ya je shayar da shanunsa a Nijar. Mahaifinta manomi ne, da rani kuma yana taɓa dillancin awaki. Ta yi karatun allo, ba ta yi na boko ba. Tun tana ƙarama kunnenta yake da saurin kama magana. In matan Fulani suka kawo tallar nono suka zauna a zauren gidansu suna hira, da sun tafi sai ta ɗauki ƙwarya ta ɗora a ka, ta shiga kwaikwayon muryarsu tiryan-tiryan, har uwarta ta yi dariya ta gaji ta kore ta waje.

Da ta zama budurwa tana sayar da dafaffiyar gyaɗa ranar kasuwa. A nan ta haɗu da Sabiru, wani saurayi mai faci da yake zuwa daga Daura yana liƙe wa 'yan kasuwa tayoyin kekunansu. Sabiru mutum ne da magana take yi wa nauyi. Kasuwa bayan kasuwa yana zuwa gabanta ya tsaya, ya ce, "Zuba mini," ya karɓa ya koma gindin famfonsa. Damina ta wuce, kaka ta shigo, bai ƙara ko kalma ɗaya a kan wannan ba. Ranar nan dai Laraba ta gaji, ta riƙe gwangwanin awon ta dube shi.

"Wai kai gyaɗar kake so ko mai gyaɗar?"

Sabiru ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana kallon yatsun ƙafarsa, sannan ya ce, "Duka biyun."

Bayan an gama girbi aka ɗaura aure, aka kawo ta Daura, unguwar Tudun Wada.

Wurin facin Sabiru yana bakin tasha, kullum ita take aika masa da abincin rana. Abokan sana'arsa suka fara sa hannu a kwanonsa, daga ɗanɗano aka koma rige-rige, har ta kai wata rana ya dawo gida da yunwa alhali an kai masa abinci. Shi da kansa ya kafa mata rumfa da buhuna da 'yan sanduna, ya haɗa benci da katakon da aka yar, ya ce ta zo ta sayar musu ko ya samu ya riƙa cin nasa cikin kwanciyar hankali.

Tana goyon ɗanta na fari, Yahya, aka yi shekarar nan da ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba. Mutanen arewa suka yi ta kwararowa ta kan iyaka, dabbobinsu sun ƙare, wasu a ƙafa, wasu a bayan manyan motoci. A cikinsu akwai wata Buzuwa doguwa, sanye da baƙin zane da ya koɗe, da 'ya'yanta mata biyu. Ta samu inuwar dalbejiyar nan ta zauna nesa kaɗan da rumfa, ta juya wa tukwane baya. Ba ta roƙi kowa ba. Yaran ne dai idonsu ya ƙi barin murhu.

Laraba ta zuba tuwo a kwano ta kai gabanta ta ajiye. Matar ta kau da kai kamar ba ta gani ba, ta kuma riƙe hannun ƙaramar da ta fara miƙa shi. Laraba ta koma ta tsaya tana tunani. Ta gane wannan mace ce da ta saba ita take ba wa wasu, kuma yunwa ba ta kai ga cire mata wannan ba. Sai ta kwance Yahya daga bayanta, yana ta tsala kuka, ta je ta ɗora mata shi a cinya, ta nuna mata mutanen da suka yi layi suna jiran abinci, ta nuna hannayenta biyu, alamar aiki ya yi mata yawa. Matar ta karɓi yaron, ta shiga jijjiga shi tana yi masa wata waƙa ƙasa-ƙasa har ya yi barci. Da Laraba ta sake tura kwanon, sai ta karɓa, don yanzu ladan aikinta ne.

Haka suka yi kwanaki, ba mai jin yaren wata. Buzuwar tana raino, tana tsince shinkafa, yaranta suna ɗauraye kwanuka. Ranar da 'yan'uwanta suka samu motar da za ta wuce da su Kano, ta zo ta kama hannayen Laraba duka biyu, ta matse su a ƙirjinta, ta ce, "Tanammirt." Ta faɗa ta maimaita, idonta yana kawo ruwa, sannan ta juya ta hau mota.

Wani direba mutumin Agadas yana zaune a benci yana cin tuwo. Laraba ta tambaye shi abin da matar ta ce.

"Godiya ta yi miki," in ji shi. "Amma a wurinsu kalmar ta fi godiya. Kamar ta ce albarka ta sauka a kanki."

Ranar nan har ta kwashe kaya ta koma gida kalmar tana bakinta. Tana wanke tukunya tana faɗi, tana shimfiɗa wa Yahya tana faɗi. Ta san "mi yetti" na Fulani tun tana yarinya, amma ba ta taɓa tsayawa ta yi tunanin cewa kowace al'umma da irin tata hanyar ba, kuma wata kalmar tana ɗauke da abin da wata ba ta ɗauka ba. Daga ranar ta fara tambaya.

Tasha kuwa wuri ne da duniya take bi ta wuce. 'Yan Nijar masu boko suka ba ta "marsi buku". Wani Bazabarme mai tallar yadi, wanda ba ya son komai sai ƙanzon shinkafa, ya ba ta "fofo", ya ce da shi suke gaisuwa da shi kuma suke godiya. Madam Nkechi mai kemis ta ba ta "daalu". Ba ta rubutu, don haka kowace kalma da fuskar mai ita take riƙe ta, da abin da ya ci. In ka tambaye ta yadda Barebari suke godiya, ba za ta faɗa maka kai tsaye ba, sai ta fara da, "Wani dattijo ne mai sayar da kanwa, haƙoransa jawur da goro, ya ce yajina ya yi masa yawa amma ya cinye tas," sannan kalmar ta biyo baya.

Ba kullum abin yake tafiya daidai ba. Akwai Baba Lasisi, Bayarabe mai shagon kayan gyaran mota, wanda ya daɗe a Daura har Hausa ta zauna a bakinsa. Ya je ganin gida ya dawo, ya kawo mata tsarabar manja mai kyau a galan. Laraba ta ga dama ta samu ta nuna gwaninta, don ta taɓa jin matansa suna faɗar kalmar. Ta rusuna, ta sassauta murya ƙasa don ladabi, ta ce, "Eshe, Baba, eshe."

Baba Lasisi ya dafe ƙirji. "Iya Yahya, manja na kawo miki, me ya kawo zancen zunubi?"

Ashe in ka ja kalmar ƙasa, zunubi ka ce. Godiyar sai ka ɗaga ƙarshenta sama. 'Yan tasha suka yi ta dariya, ita ma ta yi har da riƙe ciki.

"Na gane," in ji ta. "Kamar kuka na ido ne da kuka ta miya. Sake faɗa mini, Baba, a hankali."

Ya zauna ya yi ta maimaita mata har ta iya, ta kuma zuba masa ɗanwake ta ce kuɗin makaranta ne.

Wata rana kuma wani direban babbar mota daga Barkina Faso ya ci ya ƙoshi, ya miƙe ya dube ta ya ce, "Barka."

"Barka kadai," in ji Laraba.

Ya sake haɗa hannu ya ce, "Barka, barka."

Ta waiga hagu ta waiga dama. "Jama'a, haihuwa aka yi mini ban sani ba, ko wani hatsari na tsallake?"

Sai da wani mutumin Maraɗi ya sa baki ya ce ai Mosawa haka suke godiya. Laraba ta jinjina abin. Ga kalma tata, wadda ta tashi da ita a baki, ta je wata ƙasa ta samu wani aikin daban tana yi.

Duk wannan godiya da take tarawa a waje, a gida babu ko ɗaya. Sabiru, wanda take kira Malam, zai ci tuwo ya sha ruwa ya yi hamdala, ya tashi. Ta wanke masa kaya, ta goge, ya saka ya fita. Shekaru suna tafiya, an haifi Lubna, an haifi na bayanta, bai taɓa buɗe baki ya ce mata ya gode ba. Ba ya faɗa, ba ya zagi, kuma bai taɓa barin gidan babu hatsi ba. Amma abin yana ɗan sukarta, musamman in ta dawo daga tasha inda wanda bai san ta ba ma ya rusuna mata saboda kwanon shinkafa ɗaya. Takan zolaye shi, ta ajiye masa abinci ta tsaya a kansa ta ce, "Malam, da wane yare za a yi yau? Akwai Zabarmanci, akwai Faransanci, zaɓi wanda ya fi maka sauƙi." Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Miƙo gishiri."

A lokacin akwai wata malama Ba'indiya da take koyarwa a makarantar 'yan mata, ana ce mata Malama Shanti. Ba ta cin nama, don haka ɗanwaken Laraba ya zame mata abin so, takan tsaya da kekenta ranar da babu makaranta ta saya. Hausarta a karye take amma ana fahimta. Ita ta ba Laraba "shukriya" da kuma wata mai nauyin faɗi, "danyawad". Ran nan suna hira Laraba ta ce mata, cikin wasa da gaske, ta tara godiyar duniya amma ta mijinta ta gagare ta.

Malama Shanti ta girgiza kai irin nasu. "A garinmu, miji ba ya ce shukriya ga mata. Uwa ba ya ce ga yaro. In ni na ce ga mamana shukriya, zai yi fushi, zai ce, ni baƙo ne? Shukriya na mutumin waje ne. Na gida, babu faɗa, sai yi."

Laraba ta ƙagu yamma ta yi. Tana shiga gida ta tarar da Sabiru a tsakar gida yana gyara ƙafar wata kujera. Ta zayyana masa duk abin da malamar ta ce. Ya saurara har ta gama, bai ɗago ba, ya buga ƙusa ya gwada kujerar a ƙasa, sannan ya ce, "To kin ji. Ashe ni Ba'indiye ne ban sani ba."

Dariya ta kama ta har ta zauna a bakin rijiya tana share hawaye. Daga ranar, in yara suka tambayi ina Baba, sai ta ce, "Ba'indiyen yana zaure." Amma bayan dariyar ta lafa, ta fara lura da abubuwan da idonta ya saba da su har ya daina gani. Bencinta na tasha bai taɓa girgiɗi ya kwana ba a gyara ba. Itacen girkinta kullum a faskare take samunsa. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita, shi ya tashi da asuba ya jiƙa wake, ya kuma je rumfa ya tsaya yana ba mutane haƙuri ɗaya bayan ɗaya, shi da magana take yi wa wuya. Ba ta daina zolayarsa ba, sai dai abin ya daina sukarta.

Yara suka girma. Yahya ya zama malamin asibiti, Lubna ta yi aure a Zango tana ɗinki. Su suka haɗa kai suka biya wa iyayensu kujerar Makka, uban ya fara zuwa, bayan 'yan shekaru aka kai kan uwar. Da za ta tafi, 'yan tasha suna yi mata addu'a suna tsokanarta, wai kowa zai dawo da dabino da zamzam, ita da buhun godiya za ta dawo.

Ba su yi ƙarya ba. Tun a filin jirgi ta ga irin mutanen da ba ta taɓa sanin Allah ya halitta ba, kuma duk wanda ya matsa mata a sahu ko ya miƙo mata ruwa sai ta nemi hanyar tambayarsa, da hannu da ido. Wata Baturkiya ta ba ta "sa'ol", aka ce mata ma'anarsa ka daɗe da lafiya. Matan Senegal suka ba ta "jerejef".

Wadda ta fi zauna mata a rai a Madina ta same ta. Ta fito daga masallaci bayan azahar ta nemi takalmanta ta rasa, ga abokan tafiyarta sun yi gaba. Rana ta take, daɓen waje ya ɗauki zafi kamar kaskon waina. Ta taka ta janye, ta sake takawa ta janye, ta koma inuwa ta tsaya tana tunanin yadda za ta kai masauki. Sai ta ji an taɓa mata gwiwar hannu. Wata 'yar tsohuwa ce, gajeriya, fara, cikin farin hijabi, tsayinta bai wuce kafaɗar Laraba ba. Ta buɗe jakarta ta ciro silifa, ta durƙusa ta ajiye su a gaban ƙafafun Laraba.

Laraba ta saka. Sun yi mata kaɗan, dugaduganta duk a waje, amma sun raba ta da zafin ƙasa. Ta rasa da wane baki za ta gode, sai ta kwance buhun gaba ɗaya. Ta ce na gode, ta ce shukran, ta ce marsi buku, ta ce shukriya, fofo, daalu, tanammirt, har da eshe mai ɗagaggen ƙarshe. Tsohuwar tana ta kallonta tana dariya, hannu a baki. Da ta gane abin da ake nema, sai ta nuna bakin Laraba ta ce a hankali, "Tirima kasi."

"Tirima kasi," in ji Laraba.

Tsohuwar ta ɗan rusuna ta ce, "Sama-sama."

Laraba ta ɗauki maganar da ma'anarta ta Hausa. Wato duk wannan godiya da ta zuba, matar nan tana ganin sama-sama ta yi ta, ba ta kai ciki ba. Ta dafa ƙirji, ta ƙara rusunawa, ta ce da ƙarfi, "Wallahi har zuciya. Tirima kasi, tirima kasi."

"Sama-sama," in ji tsohuwar, tana ƙara faɗaɗa murmushi.

Laraba ta kama hannunta ta shiga rantse-rantse da Hausa. Suna cikin haka wani ɗalibi Bakano da yake karatu a can ya zo wucewa, ya ji Hausa ya tsaya. Da ya ji abin da ake ciki sai da ya jingina da ginshiƙi don dariya.

"Hajiya, 'yar Indunusiya ce. Sama-sama a wurinsu shi ne amsar godiya, kamar ki ce ni ma haka, ko ba komai. Ita kuma tirima kasi, in aka fassara ta, cewa kika yi karɓi ƙauna."

Ya juya ya yi wa tsohuwar bayani da Larabci da 'yan kalmomin yarensu da ya sani. Ita ma ta fashe da dariya har tana dukan kafaɗar Laraba. Suka taka tare har mararrabar da hanyarsu ta rabu, doguwa da gajeriya, hannu cikin hannu, kowace tana magana da yarenta.

Silifan nan da su ta dawo Daura, ta ƙi yarda ta rabu da su ko da yake rabin ƙafarta ne kawai yake samun wuri. Kwana kaɗan da dawowarta ta fito alwalar asuba ta zura ƙafa, sai ta ji dugaduganta sun zauna daram. Ta ɗaga ta duba. An yanko robar taya an ƙara musu tsawo ta baya, an liƙe an goge bakin sumul. Ta leƙa zaure, Sabiru yana zaune yana jan carbi kamar bai san an yi ba.

Yanzu gwiwoyi sun fara ba ta matsala, tukwanen sun koma hannun surukarta Khairunnisa, matar Yahya. Amma Hajiya ba ta yarda da zaman gida ba. Kullum da hantsi ɗan sahu yake kawo ta, ta zauna a kujerar roba a bakin rumfa, tana ɗanɗana miya tana gyara gishiri, tana kuma sauraron harsunan masu shigowa. Jikarta Khairat ta taɓa kawo mata waya ta nuna mata cewa in an danna, za ta faɗi godiya da kowane yare na duniya. Hajiya ta saurari guda biyar ko shida, ta yaba, sannan ta mayar mata da wayar.

"Muryar tana da daɗi. Amma wannan ba ta ci tuwona ba, ban san fuskarta ba. Gobe in na tashi ba zan tuna ko ɗaya ba."

Da aka fara aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta wajen gari, baƙi suka ƙaru a Daura. Wata rana da la'asar wani baƙin mutum kakkaura, da hular kwano ta ma'aikata da riga mai ƙyalli, ya shigo rumfar shi kaɗai. Ya nuna tukunyar tuwo da yatsa. Khairunnisa ta zuba masa, ta kawo cokali, ya dubi yadda na kusa da shi suke ci, ya ajiye cokalin ya wanke hannu. Ya cinye ya nemi ƙari. Hajiya tana kallonsa, ta ɗauka ko mutumin kudu ne, sai da ya gama ya juyo ya ɗan sunkuya ya ce, "Obirigadu."

Ta gyara zama. "Khairunnisa, zo. Tambayar mini shi daga ina."

Khairunnisa ta yi sakandare, ta tambaye shi da Turanci. Sunansa Domingos, mai awon ƙasa ne, daga Angola, kuma yaren Fotugis ne ya yi. Hajiya ta juya kalmar a bakinta, ta dube shi ta ce, "Obirigadu."

Mutumin ya yi dariya ya kaɗa yatsa, ya yi wa Khairunnisa bayani.

"Hajiya, wai ya ce ke mace ce, obirigada za ki ce. Namiji ne yake cewa obirigadu."

Hajiya ta riƙe haɓa. "Ikon Allah. Na ga masu godiya da albarka, na ga masu yi da ƙauna, yau ga waɗanda suka raba ta maza da mata kamar zaman biki." Ta gwada ta matan, ya tafa mata.

Shi ma ya ce a koya masa ta Hausa. Ta koya masa "na gode", ya kama nan take. Sai ta ce wa surukarta, "Gaya masa bai gama ba. Mu a nan, in an yi maka alheri yau, ba a gama godiya yau. Gobe in kun haɗu sai ka ce, na gode da jiya. In ba ka faɗa ba, ta farkon ma ba ta cika ba."

Domingos ya saurara da kyau, ya maimaita a ransa, ya yi sallama ya tafi.

Washegari rana ta ɗaga, ana tsakiyar sayar da shinkafa da wake, sai ga farar mota mai buɗaɗɗen baya ta tsaya a bakin dalbejiya. Domingos ya sauko, bayansa ma'aikata cike da mota, wasu baƙaƙe, wasu farare, wasu masu ƙananan idanu. Ya jera su a gaban kujerar Hajiya kamar 'yan makaranta, ya cire hularsa, ya ɗaga hannu ya ba su alama. Suka haɗa baki, kowa da irin karkacewar harshensa, suka ce, "Hajiya, na gode da jiya."

'Yan tasha suka kwashe da dariya da tafi. Hajiya ta rufe fuska da gefen mayafi tana dariya, ta ce a gaya masa ai su sauran ba su ci komai jiya ba. Domingos ya ce shi ya sa ya kawo su, don gobe su samu abin faɗa da gaskiya.

Ta bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta ga aƙalla akwai yare uku ko huɗu a nan da ba ta taɓa ji ba. Ta leƙa tukunyar shinkafa ta ga ta yi rabi.

"Khairunnisa, ɗora wata tukunyar, ki aika a ƙaro wake. Ku kuma ku matsa musu su zauna. Kada wanda ya tashi in ya gama, ina da magana da kowannensu."